Brian Kantor da amanar lamba 44

Tsohon Injiniya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Nuwamba ta kama, kuma a irin wannan wata ne a 2019 Brian Kantor ya rasu a San Diego ta jihar Kaliforniya. Yawancin yaranmu masu karatun haɗa kwamfutoci ba su taɓa jin sunansa ba, kuma bai kamata a ce haka ba, shi ya sa na buɗe wannan magana.

Ma'aikaci ne a Jami'ar Kaliforniya reshen San Diego. Ya yi sama da shekara 40 yana kula da injina da layukan sadarwarta, sai a 2018 ya ajiye aiki. Yana kuma cikin masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ta ba lasisin hawa iska su yi magana da junansu ba don neman kuɗi ba. Lambar kiransa WB6CYT.

A Fabrairun 1986 shi da Phil Lapsley na Berkeley suka fitar da RFC 977, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet, wadda ta kawo tsarin NNTP na aika saƙonnin Usenet, wato zaurukan tattaunawa na kwamfuta na wancan zamani. Kafin nan saƙonnin Usenet galibi ta layin tarho suke yawo. Wannan kwamfuta ta kira waccan, sau da yawa cikin dare lokacin da kuɗin kira ya yi sauƙi, a kwashe a sauke. Su kuwa sai suka tsara yadda injina biyu za su yi magana kai tsaye a kan intanet. Wannan ya ce ina da saƙo mai lamba kaza, wancan ya ce turo, ko ya ce ai ina da shi, riƙe abinka. Mai karatu kuma daga teburinsa zai nemi abin da yake so kawai, ba sai an jibge masa komai a injinsa ba. Sai a 2006 aka maye gurbin takardar da RFC 3977. Shekara 20 ke nan ana aiki da abin da suka rubuta.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya riƙe lamba 44 tun daga tsakiyar shekarun 1980 har ranar da ya bar duniya.

Autar Zaure:
Wa alaikumus salam Baba. Don Allah mene ne lamba 44 ɗin? Mu a aji an dai nuna mana 10 da 192.168 ne.

Malam Mai Rauta:
Auta, bari in rage wa Baba aiki. Kin san adireshin IPv4 lambobi huɗu ne jere da ɗigo a tsakani. To a 1981, lokacin da intanet ba ta wuce jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, wani mai rediyon sha'awa, Hank Magnuski, mai lambar kira KA6M, ya nemi a ware wa 'yan uwansa masu rediyo nasu kason. Aka ba su duk adireshin da ya fara da 44. Ki lissafa: 16,777,216 ke nan, kashi ɗaya cikin 256 na dukkan adireshin IPv4 da ake da su a duniya. A lokacin ba wanda ya ɗauke shi wata dukiya, lambobi ne kawai a takarda. Ana kiran wannan layi AMPRNet.

10 da 192.168 da kika ambata na cikin gida ne, ba sa fita waje. 44 kuwa na ainihi ne, duniya duka za ta iya iske shi.

Autar Zaure:
Na gode Yaya. Amma me ya haɗa rediyo da adireshin intanet? Ni a tunanina rediyo murya ce kawai.

Tsohon Injiniya:
'Yata, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Ana haɗa kwamfuta da wani ɗan akwati da ake kira TNC, shi kuma a haɗa shi da rediyo. Akwatin yana mayar da rubutu ya zama sauti iri biyu, ɗaya mai hertz 1200, ɗaya mai 2200. In kina kusa da sifika za ki ji wata 'yar ƙara mai kaushi, ƙarrr, ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, fitilar ja ta kama ta mutu, sai shiru. In saƙon ya isa lafiya, ɗayan tashar ta mayar da tata gajeriyar ƙarar, alamar ta karɓa. In bai isa ba, a sake. Tsarin da ake bi sunansa AX.25.

Gudun bit 1200 ne a daƙiƙa, wato harafi 150 in komai ya tafi daidai. Hoton megabait ɗaya da kike turawa a WhatsApp ba ki ko lura ba, a can zai ci kusan awa biyu, kuma duk mai son tashar sai ya jira.

Phil Karn, KA9Q, shi ya rubuta manhajar da ta ɗora TCP/IP, wato tsarin da injina ke magana da shi a intanet, a kan wannan siririyar hanya, kuma tana aiki a ƙaramar kwamfutar gida mai DOS. Shi da Kantor ne suka tayar da AMPRNet ta zama abu mai rai. Kantor ya riƙe ƙofar da ke haɗa ta da babbar intanet a jami'arsu, ya riƙe rajistar wa ke da wane adireshi, ya raba wa kowace ƙasa da kowane yanki kasonta ta hannun masu kula na sa kai. A 1991 ma ya rubuta RFC 1226, gajeriyar takarda a kan yadda za a naɗe saƙon AX.25 a cikin IP, don tashoshi biyu da rediyonsu ba ya jin juna su gaisa ta intanet. Aikin da ba a tafa wa mutum ke nan. Ba a tuna mai shi sai ran da abu ya tsaya.

Malam Mai Rauta:
Ƙari a kan na Baba, ga wanda ke karanta TCP: dabarar nan ta Karn da ke cewa kada a auna lokacin dawowar amsa da saƙon da aka sake turawa, don ba a san wanne aka amsa ba, na farko ko na biyu, Phil Karn ɗin nan ne. Wanda ya sha fama da layin rediyo mai yawan zubar da saƙo dole ya lura da wannan matsala. Yau tana cikin TCP na wayar kowa.

Ɗan Damagaram:
Ina gaisuwa Baba, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, kuma ba na raina aikin mutumin. Amma in za a tuna shi, a tuna shi duka. A Yulin 2019, wata huɗu kafin rasuwarsa, ARDC, ƙungiyar da ke riƙe da 44 wadda yake shugabanta, ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu na 44. Daga 44.192 har ƙarshe, adireshi 4,194,304, a kan kusan dala miliyan 108. Masu rediyo na duniya ba a tambaye su ba. Sun wayi gari ne suka ji an gama. To ni tambayata: nasa ne? An ba masu rediyon sha'awa na duniya ne, ba a ba wani mutum ko wata ƙungiya a Kaliforniya ba.

A wurinmu in aka bar wa dattijo riƙon filin unguwa, ya kiyaye shi shekara 30 ba a ci ko taku ɗaya ba, mun gode masa. Amma wannan bai ba shi ikon yanka kwata ya sayar ba tare da ya tara mutanen unguwa ba, ko da kuwa makaranta zai gina da kuɗin.

Hajiya Malama:
Ɗan Damagaram, ƙanena, maganarka tana da nauyi, amma ka bar rabin labarin. Kuɗin nan bai shiga aljihun kowa ba. ARDC ƙungiya ce da ba ta neman riba, an yi mata rajista tun 2011, kuma abin da aka samu an mayar da shi gidauniya. Daga ciki ake biya wa ɗalibai kuɗin karatu, ake tallafa wa masu rubuta manhajar rediyo ta kyauta irin GNU Radio. A 2021 sun ba da dala miliyan 1.6 aka ceto babbar eriyar da ke saman wani dogon gini a jami'ar MIT, wadda ɗalibai masu rediyo ke amfani da ita, ana shirin cire ta. Su suka ɗauki nauyin ɗakin karatun rediyon sha'awa da Internet Archive ta buɗe, inda ɗalibina a nan zai karanta tsofaffin mujallu da littattafan injina ba tare da ya biya ko sisi ba.

Sannan ka duba abin da ya rage: adireshi sama da miliyan 12 da rabi. Masu lasisin rediyon sha'awa a duniya duka ba su kai rabin wannan ba. Mafi yawan filin nan a kwance yake tun 1981. Kuma darajarsa ba ta dindindin ba ce, sabon tsarin adireshi na IPv6 yana tafe. Mai riƙon amana da ya ga dukiyar marayu za ta iya lalacewa a ajiye, ya juya wani sashe ya zama abin da zai amfane su, ni ban kira shi maci amana ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ban ce ya ci ba, Allah ya kiyaye in yi wa mamaci ƙazafi. Na ce bai yi shawara ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa duk wurin da aka sayar a kwance yake. Masu HAMNET na Jamus, waɗanda suka kafa dogayen layukan rediyo masu sauri daga tsauni zuwa tsauni da hasumiya zuwa hasumiya, adireshinsu 44.224 ne. Yana tsakiyar abin da aka sayar. Dole suka bi injinansu ɗaya bayan ɗaya suna sauya lamba zuwa 44.148. Duk wanda ya taɓa sauya adireshin ko da ofis ɗaya ya san wahalar. Su ne ma suka fi kowa amfani da 44 yadda aka yi niyya, kuma su aka tasa.

Malam Mai Rauta:
Nan kam Ɗan Damagaram ya faɗi gaskiya. Ni na taɓa sauya adireshin wata ma'aikata, injin da aka manta da shi a wani lungu shi ke tayar maka da hankali bayan wata biyu, firinta ko kyamara da aka rubuta mata lamba da hannu. Balle injin da ke saman hasumiya cikin sanyin Jamus.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Ciniki irin wannan ba a yin sa a bainar jama'a. In ka sanar cewa za ka zuba adireshi miliyan huɗu a kasuwa, farashi zai motsa tun kafin ka fara, masu saye kuma 'yan kaɗan ne a duniya da za su iya ɗaukar wannan yawa lokaci guda. Kuma wa za a tara? Masu rediyo na duniya ba su da wata majalisa ɗaya da ta mallaki 44. Ba ina wanke shi ba ne, ina nuna cewa tara mutanen unguwar ba abu ne mai sauƙi kamar yadda ake faɗa ba.

Ɗan Damagaram:
Ba sai an faɗi farashi ko mai saye ba, Malam. A ce kawai: muna tunanin sayar da wani sashe, me kuka gani? Shekara ɗaya kafin lokacin. Masu kula da kason kowace ƙasa suna nan, an san su. Wannan kaɗai da ya rage ɓacin rai.

Baban Zango:
Salamu alaikum daga Kumasi. Ina karantawa tun ɗazu. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Ku duba adireshin da kamfanin layinku yake fita da shi, galibi za ku ga ya fara da 41, ko 102, ko 105, ko 197. Waɗannan na AFRINIC ne, hukumar da ke raba wa Afirka adireshi daga Morishiyos. 102 shi ne na ƙarshe da aka ba ta a Fabrairun 2011, ran da babban rumbun IPv4 na duniya ya ƙare. Nahiya mai mutum sama da biliyan ɗaya tana da 'yan irin waɗannan da ba su cika yatsun hannu biyu ba, masu rediyon sha'awa su kaɗai aka ba su guda cur. Shi ya sa kamfanoninmu ke cusa dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, ka kasa buɗe ko ƙaramar saba, wato kwamfutar da wasu za su iske daga waje, a gidanka. Kuma da aka tashi sayarwa, Amazon ta samu, don ita ke da kuɗin.

Hajiya Malama:
Baban Zango, wannan ciwo ne na gaske, amma ba Kantor ya jawo shi ba. Rabon 1981 an yi shi ne lokacin da intanet ba ta iso mana ba. Jami'o'i da kamfanonin Amurka irin su MIT da Ford da Apple kowanne ya samu irin wannan kaso. Bambancin shi ne na 44 ƙofarsa a buɗe take ga duk mai lasisin rediyon sha'awa, ko daga ina yake. Mai lambar kira da ta fara da 5N a Najeriya, ko 5U a Nijar, ko 9G a wurinku, yana da haƙƙin nema kamar Ba'amurke, kuma kyauta ne. Wane kamfani ne a cikin waɗancan zai ba ka?

Baban Zango:
Haka ne Hajiya. Sai dai mu nawa ne masu lasisin?

Tsohon Injiniya:
Tambayar da ta fi duka zafi ke nan, kuma amsarta tana wuyanmu mu manya.

Na bar ku kun yi ta yi don ina son in ji. Ra'ayina shi ne Ɗan Damagaram yana da gaskiya a kan shawara. Ya kamata a faɗa wa mutane, musamman na Jamus da abin ya taɓa kai tsaye. Wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya shi kaɗai yakan saba da yanke hukunci shi kaɗai, na ga wannan a manyanmu da yawa, kuma illa ce ko da niyya ta yi kyau. Amma ba zan yarda a taƙaita mutumin a wata huɗun ƙarshe na rayuwarsa ba. Ku tambayi kanku me ya sa akwai abin sayarwa a 2019. Manyan kasonni da yawa na wancan zamani an mayar da su, ko an sayar da su gaba ɗaya, masu su na asali ba su da ko ɗaya a yau. 44 ya kai shekara 38 a hannun masu rediyo, don akwai wanda kullum yake amsa saƙo, yake gyara rajista, yake korar masu ƙoƙarin sace sashen da ba a amfani da shi su aika saƙonnin banza da shi.

Kuma ko wurin da yake kwance bai bar shi a banza ba. Tunda yawancin adireshin ba kowa a kansu, duk saƙon da ya faɗo can ba na alheri ba ne, ko kuskure ne ko ɓarna. Masu bincike na CAIDA a jami'ar tasu suka mayar da shi wurin leƙen abin da ke yawo a intanet. A Yulin 2001 da cutar kwamfuta Code Red ta ɓarke, da irin wannan leƙe suka ƙirga sama da injina 359,000 da ta kama cikin ƙasa da awa 14.

Ni ban koyi wannan sana'a daga littafi kawai ba. Wani dattijo ne ya koya mini, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. In ka yi masa haɗin kan wayar eriya da dalma, ba ya cewa ya yi ko bai yi ba. Zai ɗauka ya ja da ƙarfi. In ya fita, ya miƙo maka ya ci gaba da abin da yake yi. In bai fita ba, ya sa mita ya auna ko tsakiya ta taɓa gefe. Sai ya tabbata sannan zai bari a jona a rediyonsa, don haɗi mara kyau yana iya ƙona injin. Bai taɓa karɓar kwabona ba, kuma in ka yi tambaya ƙarfe goma na dare zai amsa. Da na fara karanta takardun Kantor, halin nan na gani: gajeru, ba ado, abin da kake buƙata don ka yi aikin da kanka. Ku buɗe RFC 1226 ku gani, kafin shayinku ya huce kun gama.

Autar Zaure:
Allah ya jiƙan malaminku Baba. To yanzu wa ke riƙe da 44? Kuma irina da ba ta da rediyo, ta ina za ta fara?

Malam Mai Rauta:
ARDC ce har yanzu. Bayan rasuwarsa Phil Karn ne ya karɓi shugabancinta. Farko dai lasisi, Auta, ba a hawa iska sai da shi, kuma ba a ba da adireshin 44 sai da lambar kira. Ki kuma sani akwai sharaɗi: a iskar masu sha'awa ba a kasuwanci, ba a kuma rufe saƙo don ɓoye ma'anarsa. Saboda haka ba hanyar samun data kyauta ba ce, wurin koyo ne da gwaji.

Amma sauraro ba ya buƙatar ki jira. Akwai 'yar na'urar RTL-SDR mai kamar filashi, ki soka a kwamfuta. Eriyar zangon rediyon da ake kira mita biyu kuwa waya ce guda biyu, kowace kimanin santimita 50. Da wannan za ki fara ganin sigina da idonki a allo.

Hajiya Malama:
Kuma mu nan muna da wata dama da ko mutanen San Diego ba su da ita. Tauraron Es'hail-2 na Ƙatar, wanda aka harba a Nuwamban 2018, yana ɗauke da na'urar masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. A tsaye yake wuri ɗaya a sama, ba ya gudu, kuma Afirka duka tana ƙarƙashinsa, daga gabashin Burazil har Tailan. Ana hawa a gigahertz 2.4, a sauko a gigahertz 10. Don saurare, irin kwanon dish ɗin da ke kan rufin gidajenmu da LNB ɗinsa sun isa a fara. Kusan duk Arewacin Amurka ba ya ganinsa. Ina shirin gwadawa da ɗalibaina wannan zangon karatu.

Ɗan Damagaram:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Hajiya. Amma ina nan a kan bakana game da shawara, kuma zan ƙara da cewa tunda an riga an sayar da sunan masu rediyo na duniya, to mu ma duniya ne. Gidauniyar tana ba makarantu da ƙungiyoyi tallafi. In muna da ƙungiya mai rajista ko wani sashe na jami'a da zai tsaya mana, mu rubuta mu nema, tashar koyarwa ko da guda ce a Kano ko Zinder.

Baban Zango:
Ku sa da Kumasi a lissafi.

Tsohon Injiniya:
To madalla. Malam Mai Rauta, ka tattaro mana sunayen masu lasisi a zauren nan, ko da mutum uku ne, da waɗanda ke son zama jarrabawa. Hajiya, in kin kafa kwanon ki turo mana hoton allon mu ga siginar. Auta, ina da tsohon TNC a akwati yana aiki, in kin samo lasisinki naki ne. 73 gare ku duka, wato gaisuwar sallama ta masu rediyo.

Autar Zaure:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Rauta, ka sa sunana a na masu jarrabawa. Wayar eriyar, ta jan ƙarfe ce dole ko kowace iri za ta yi?